Direban da Ya Karkata Mota Zuwa Manga

Tun da asuba Filimon ke fitowa da bokiti da tsumma ya wanke motar da ba tasa ba. Ya duba mai, ya duba taya, ya tsaya jikin ƙofa har maigida ya fito. Maigidan shugaban wata jami'a ne. Filimon kuwa ɗan Rikoto ne, a bayan sitiyari furfura ta same shi. Ba a taɓa kiran sunansa a taro ba. Ni zan kira shi.

Ni Monica ce, daga Manga, ƙauye a ƙasar Zuru. Ban yi boko ba, ban kuma iya lallashi ba. Ɗana Sila yana golmo, noman da saurayi da abokansa ke yi wa uban yarinyar da zai aura, shekara da shekaru. Saura damina ɗaya ya gama, 'yan bindiga suka ɗauke shi a gonar surukinsa. Na bi ofis-ofis har takalmina ya tsinke. Ko'ina, "Mama, ki yi haƙuri." Haƙurin zan ci?

Aka kira shugaban jami'ar nan Abuja ya ba shugaban ƙasa shawara kan noma, hanya ta biyo da su ta Zuru. Filimon ɗan yankinmu ne, labarin ɗana ya riga ya kai masa, sai ya saki kwalta ya kama hanyarmu. Nkiruka mai shago ta ji su da suka tsaya sayen ruwa.

"Filimon, ina kake kai ni?" in ji maigida.

"Ranka shi daɗe, maganar noma za ka yi. Ga gonakin nan gaba kaɗan."

"Za ka sa in makara."

"Za ka makara, yallaɓai. In mun koma ka kore ni."

A ƙofata ya tsaya. Ban shimfiɗa wa baƙon tabarma ba. Na ja shi gonakin da aka gudu aka bari, ciyawa har ƙirji. Na ce masa, "'Ya'yanmu na soja ko'ina ƙasar ga, suna tsaron gonar wasu, tamu babu mai tsaro. Kai mai shiga wurin babba, in ba ka faɗa mai ba, Allah ya isa tsakanina da kai." Ya tsaya, ƙarangiya ta cika masa babbar riga.

A rediyo muka ji abin da ya faɗa wa shugaban ƙasa. Ya ce kada a aika taki da iri inda manomi ba ya iya shiga gona. A ajiye sojoji tun shuka har girbi, ba ranar ta'aziyya ba. A nemo waɗanda aka ɗauke. Ya ce da idonsa ya gani.

Filimon fa? Masu tsaron maigida suka ce ya jefa ran babban mutum cikin haɗari. Aka karɓe makulli, aka ce ya tafi ya huta.

Bai huta ba. Duk Asabar yana cikin samarin golmo, ya riƙe layin Sila, don kada suruki ya ce shekarun ɗana sun yanke. Suna noma, mutum ɗaya na bisa dutse yana duban hanya. Samarin na tsokanarsa, "Baba, ko kai za ka ɗauki amaryar?" Shi kuwa ya ce, "Ku duƙa, 'yan banza, mai ita na zuwa."

Filimon, kai ne ka kai kukana inda ƙafata ba ta zuwa, ka biya da aikinka. Kai ne kaɗai ke cewa "na zuwa" in ana maganar ɗana. Na gode. Allah ya ƙara wa bayanka ƙarfi.

Ku masu tuƙa manya, masu dafa musu abinci, masu buɗe musu ƙofa, kun san inda uwayenku ke kuka. Ku kai su wurin su gani.

Sojojin ba su zo ba. Sila bai dawo ba. Amma shugaban ƙasa, an faɗa maka a gaban jama'a, mu ma mun ji. Dawa ta fara kai. Ina jiran ɗana.