Dattijon da Ke Haɗa Sifikokin Alhaji Ɗangiwa

A falon Alhaji Ɗangiwa, nan Tambuwal, wani dattijo yana durƙushe gaban sifikoki biyu masu tsayin mutum. Yatsunsa duk tabon ƙuna ne. Da gani a gyaran rediyo ya yi furfura. Yau kuwa waƙa ake so ta taho daga intanet, ta wayar hannu.

"Malam, in aikin ga ya fi ƙarfinka, mu kira na Sakkwato," in ji Alhaji.

Bai ɗago ba. Yana bin wata takarda da ya rubuta matakan a kai da ajami, kowane dannawa da bismillarsa. Can sai goge ya cika falon, tas, har numfashin mawaƙin ana ji.

Ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Alhaji, saura wane ɗaki?"