Inna Kadidiya, Wadda Ta Koya Mini Maganar Adar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris, 1967, da hantsi, Allah ya karɓi ran Inna Kadidiya, tsohuwar ungozoma ta gidan likita a nan Tahoua, bayan jinyar shekara biyu. Da ɗiyarki Zaliha ta aiko mini, Inna, na yi kuka, amma abin da ya fara fita bakina shi ne alhamdulillahi. Kin huta.

Na zo garin nan daga Magariya a 1962, sabon ma'aikacin jinya, ina taƙama da takardata. Na ɗauka Hausa ɗaya ce ko'ina, ban san maganar nan ƙasar Adar daban take ba. Mace ta ce ɗanta "kwana shika yi", in tsaya ina tunanin wane kwana, sai ki raɗa mini cewa barci take nufi. Ba ki taɓa kunyata ni gaban marasa lafiya ba. Sai an watse ki zaunar da ni kamar ɗan da kika haifa.

Ba zan manta ranar da wani dattijo, Attahir, ya iso daga wani ƙauye kusa da Barmou bisa jaki ba. Ya ce, "Likita, dussa ta cika muna gari." Ni kuwa dusar dabbobi na sani. Na yi dariya na ce to tumakinku za su yi ƙiba, na juya ga mai bi masa. Kina shara a bakin ƙofa, kika yar da tsintsiya kika riƙe hannuna.

"Abdu, ɗana, ba ta bisashe shika nuhi ba. Ƙyanda ce. Ɗiyan mutane na can kwance."

Kafin azahar mun samu mota, kika ce ƙafarki ƙafata. Mun tarar da yara goma sha tara a kwance, an riga an rufe biyu. Iyaye mata sun ɓoye wasu cikin ɗaka don tsoron baƙo, ke kika bi su gida-gida da irin maganarsu har suka fito da su. Sauran duk sun tashi. Har yau in na tuna dattijon nan ya kusa komawa da dariyata kawai, sai in gode wa Allah da ya ajiye ki a ƙofar. Daga ranar kika laƙaba mini "Mai Tumaki", sunan ya bi ni har kasuwa.

Shi ya sa ciwonki ya yi mana nauyi. Shanyewar jiki ta kama harshenki, ke da ba a rasa magana a bakinki. In na zo gaishe ki, sai ki buɗe baki ki rufe, hawaye na zuba. Zaliha ta ce da safen nan harshen ya saku, kika yi kalmar shahada sarai, kowa a ɗakin ya ji. Wannan labari ya sauke mini dutse daga ƙirji.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa jinyar nan ta zama kankarar zunubi. Zaliha, ke da ɗan'uwanki Alƙasum, da jikokinta duka, Allah ya ba ku haƙuri. Ya sa Aljanna ce makomarta, mu kuma ya kyautata namu ƙarshe. Amin.