Alfadarar Lauwali

Lauwali mutumin Rabah ne, ɗan fatauci da jakai. Albasa yake kaiwa kasuwar Goronyo, ya koma da gero. A shekarar da aka matsa neman soja don yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu, hakimi ya sa sunansa, shi kuwa bai yi gardama ba.

A barikin Zariya aka tara su a fili, aka shiga rarraba su. Lauwali ya ɗauka soja duk mai bindiga ne. A nan ya ga ashe gida-gida ne: ga masu igwa, ga masu jan waya, ga direbobi da 'yan asibiti, wasu kuma aikinsu gina gada kawai. Wani saje Bakatsine ya tsaya a gabansa.

"Kai Basakkwace, me ka iya?"

"Jakkai, ranka shi daɗe."

"To, ga 'yan'uwanka can."

Aka yi dariya. Haka ya shiga rukunin masu kula da dabbobin dako.

A Indiya aka ba shi alfadara ja mai taurin kai, ya sa mata suna Goggo. Kafin su shiga daji, likitan dabbobi ya zo ya yanke wa alfadarai duka jijiyar murya, don kada kukansu ya tona wa runduna asiri. Lauwali ne ya riƙe kan Goggo. Bayan nan takan buɗe baki, ta miƙe wuya, iska kawai ke fita.

Ta ɗauki harsashi, ta ɗauki shinkafa, ta ɗauki masu rauni. Da damina ta kankama, wata rana da hantsi, hanya ta zabtare a gefen tsauni, Goggo ta gangara cikin kwazazzabo da kayanta. Kofur ya ba shi zuwa azahar ya nemo ta.

A Rabah, in jaki ya ɓace, tsayawa kake yi ka saurara, shi zai kira ka. Lauwali ya sauka cikin kurmin gora mai duhu, ya tsaya, ya saurara. Ya kira sunanta, ya sake saurara. Wataƙila ya wuce ta da taku kaɗan. Da rana ta take, ya hau ba tare da ita ba, ya ɗora wa kansa buhu, ya bi layi.

Ya dawo gida bayan yaƙi, ya sayi jaki, ya koma kan albasarsa. Ba ya ba da labari. In yara sun tambaye shi mutum nawa ya harbe, yakan ce bai harbi kowa ba.

Jakin nan kuwa kuka gare shi, har maƙwabta suna ƙorafi. Matarsa Zinariya takan leƙo ta ce, "Malam, mi kaka jira? Kwaɓe shi mana!"

Lauwali yana zaune kan tabarma, yakan ce, "Bar shi shi gama."