Ƙarfen Kano Ba Ya Jin Faransanci

Ana sallame sallar asuba muka bar Sassumbrum, ni da Baba da buhunan iri a bayan mota. Ku 'yan ajinmu da kuka ce duk hutun nan daka da wanke-wanke zan yi, ku gyara zama ku ji.

Ga abin da ya fitar da mu. Kaka, mahaifiyar Baba, tana wani ƙauye bayan Dogo-Dogo. Bara gonakinsu ba su yi ba, har irin da aka ɓoye a ƙasan rumbu sai da aka daka aka ci. Ana gobe za mu tashi wani mai raƙumi ya kawo saƙo: ruwan shuka ya sauka a can, ƙasa ta jiƙa har gwiwar hannu, amma gonar Kaka da na maƙwabtanta suna zaune babu ko ƙwaya. Kun san danshin farko. In rana ta shanye shi, sai zaman jiran wani ruwan, wanda ba mai sanin ranarsa.

Motarmu tsohuwar kat-kat ce, mai jan ƙafa huɗu. Ta girme ni, ina jin ta girmi Baba ma. In aka tayar da ita, kajin unguwarmu sai su kwana biyu ba su yi ƙwai ba. Amma ba ta taɓa tsoron yashi ba, sai kwanan nan da ƙarfen da ke cibiyar tayar gaba ya cinye haƙoransa. Baba ya ce ba zai shiga jigawar Dungass da shi ba. Shi ya sa muka fara nufar Magaria, inda Kawu, ƙanen Inna, ke jiranmu da sababbin cibiyoyi da ya sayo a Kano.

Na ce sababbi, amma a wurinmu ne kawai. Mun tarar da Kawu a gindin bishiyar bedi kusa da kasuwa, ya shimfiɗa su kan ƙyalle kamar kayan lefe. Ƙarfe biyu ne, kowane kamar ƙaramin gwangwani, da abin murɗawa a fuska. Kawu tsohon soja ne, ba ya gaisuwa sai da Faransanci, ko da jaki ne ya gifta. Ya yi mana bayani: a hanya mai tauri a saki ƙafafun gaba, su yi ta birgima abinsu, mota ta rage shan isansi, ta rage gurnani. In an zo yashi a sauka a murɗa, a kulle su, ƙafa huɗu su ja tare.

Ni ce mai miƙa lakilen kwance notuna, kuma ni ce mai hannun da ke shiga lungu. Baba ya ɓalle hular cibiya, ya zare ƙusa, ya kwance notuna, ya zaro tsohon ƙarfen. Haƙoransa sun siɗe kamar dasashin Kaka. Na wanke wurin da kananzir. Babu takardar da ake sa wa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada mai ya tsiyaye, sai na roƙi kwalin sukari wurin mai shayi, Baba ya ɗora shi a bakin cibiya ya bi gefe da ƙaramar guduma har ya fita daidai. Aka shafa giris kaɗan, aka zura sabuwar cibiyar a kan haƙoran sandar taya, ta zauna ɗaram. Ya ɗaure notunan, wannan sannan na daura da shi, ba a jere ba. Kafin mu gama ɗaya ɓangaren, rabin kasuwar Magaria ta taru a kanmu. Wani mai goro ya rantse agogo ne ake sa wa taya.

Saura abu ɗaya. Yashin wata ƙasa ya goge rubutun da ke fuskar cibiyoyin, sai harafi ɗaya a kowane gefe: nan L, can F.

“Soja, wanne ne wanne?” in ji Baba.

Kawu ya gyara hula. “Wannan ai ko ɗan aji ɗaya ya sani. L, libir, a sake. F, ferme, a kulle.”

Baba ya dube ni. Sunan Kaka gare ni, don haka Uwata yake ce mini. “Uwata, haka ne a lekol?”

Na ce haka ne, don haka ne ɗin. Ko Mushe, malaminmu na lekol, aka kira, abin da zai faɗa ke nan. Baba ya so ya ɗaga tayar da kirik ya juya ta da hannu ya gani, amma ya kalli rana, ya fasa. Aka murɗa kan L, Kawu ya haye gaba, ni na koma kan buhuna da ƙosan dala biyu a ƙunshi.

Hanyar Dungass tana da kyau ga wanda ba shi da ƙashi a jiki. Ni dai sau uku kaina yana gaisawa da rufin mota. Amma ido ya sha kallo: gawo ya fara zubar da ganye, alamar damina ta matso, giginya a tsaye cikin kwari, Fulani suna koro shanu arewa, gonaki duk an share an ƙone, suna jira. Abu ɗaya ne bai canza ba, gurnanin gaban mota. Baba ya yi ta karkata kunne.

“Soja, ka ce za ta yi shiru.”

“Sabon abu ne, sai sun saba da juna.”

A Dungass muka sha fura a tsaye. Mai nonon ta ce in dai bayan Dogo-Dogo za mu, mu yi hattara da tudun da ke gaba, ruwa bai taɓa shi ba, yashinsa kamar gari. Kawu ya yi mata dariya irin ta masu sabon ƙarfe.

Da muka iso gindin tudun, ya sauka da kansa. Ya murɗa dama zuwa F, ya zaga ya murɗa hagu, ya sara wa motar. Baba ya ja ƙaramar sandar giyar ƙafa huɗu, ya taka. Muka hau kamar tsawon igiyar rijiya, sai motar ta tsaya tana tona. Ta tona, ta tona, har na fara jin ƙamshin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Da an bar ta, da yanzu mutanen wurin suna da rijiya.

Muka haƙa da hannu. Muka rage iskar tayu. Wasu makiyaya biyu suka ajiye sandunansu suka tura. Bayan motar sai ƙara nutsewa yake. Rana ta take tsaka, irin wadda ke shan danshin gona kamar mai shan fura. Kawu ya daina Faransanci. Baba ya fara sauke buhuna, ya tambayi makiyayan ko akwai mai jakai kusa. Suka ce sai dai gobe, duk jakan suna gona. Na ga ya dafa buhu ɗaya ya daɗe a haka. Ban taɓa ganin fuskarsa kamar ta ranar ba.

Aka aike ni in saro kaba in cusa ƙarƙashin tayun gaba, aka ce za a sake gwadawa. Ina tsugune a gefe Baba ya taka. Tayun baya suna watso yashi har sama ta bakwai. Na leƙa ƙarƙashi: sandar da ke kai ƙarfi gaba tana juyawa kamar muciya a hannun mai fushi. Tayun gaba kuwa barci suke, ko motsi. Kabata ma ba su taɓa ba.

Sai gurnanin safe ya faɗo mini. A hanya mai tauri, da muka ce mun sake su, suna ta aiki. A yashi, da muka ce mun kulle, sun kwanta.

“Baba! Tsaya! Ƙarfen nan fa ɗan Kano ne!”

“To, sai me?” in ji Kawu.

“Kawu, ba ya jin Faransanci.”

Makiyayan suka fashe da dariya, ba su ma san kan zancen ba. Kawu ya ce shi ya yi shekaru yana tuƙa manyan motocin soja tun ba a san za a haife ni ba, harafi kuma harafi ne ko a Makka. Baba ya sauko, ya tsuguna inda na tsuguna, ya sa Kawu ya taka masa kaɗan. Ya kalli sanda, ya kalli taya. Ya miƙe ya kaɗe gwiwa.

“Uwata, je ki yi musu magana da yarensu.”

Na kama na dama da hannu biyu na murɗa zuwa L. Na ruga na murɗa na hagu. Baba ya shiga, ya ɗan ja baya, muka ji ƙas, sannan ƙas. Ya taka. Jama'a! Tayun gaba suka cafki kabar nan, motar ta girgiza, ta fito daga ramin kamar raƙumin da aka yi wa allura. Ba ta tsaya ba sai a kan tudu. Mu muka bi ta da buhuna a ka, Kawu har da biyu, don kada a dube shi.

Mun isa ƙauyen Kaka kafin la'asar. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta tura hannu cikin ƙasar gona, ta damƙo, ta matse, ƙasar ta dunƙule ba ta watse ba. Ta ce, “Da saura.” Nan take aka fito da sungumi. Maza a gaba suna sara, mu a baya muna jefa iri muna rufewa da diddige. Maƙwabta suka zo da ƙorai aka auna musu. Har Kawu ya tuɓe takalmi ya shiga layi. Da Baba ya ba Kaka labarin tudu, sai ta ja kunnena ta ce, “Takwara, ashe surutun nan naki yana da ranarsa.”

Muka zauna har gero ya tsago ƙasa, layi-layi, kore shar. Sannan muka juyo. A kasuwar Dungass wani ɗan Kano mai sayar da atamfa ya duba cibiyoyin ya ce a Turancin wajensu F ne sakewa, L ne kullewa. Kawu ya ce ba abin mamaki ba ne ga mutanen da sai kwanan nan suka koyi bin hannun dama a hanya.

Daga nan zuwa gida a kan F muka zo. Motar ta yi shiru har ina jin Kawu yana taunar goro. Isansin da muka ɗauka ya kawo mu da ragowa, kajin unguwa kuma ba su san mun shigo ba.

Abin da na koyo? Kafin ka karanta abu, tambayi garinsu. In kuma rubutu da taya suka yi gardama, tsuguna ka ga wa ke juyawa. Kawu ya kawo shawarar a samo jan fenti a rubuta fassara a jikin cibiyoyin. Baba ya ce a bar su yadda suke, yana da tafinta. Don haka in kun ga kat-kat ta tsaya a bakin yashi, wata yarinya ta diro tana naɗe hannun riga, maza biyu suna zaune a ciki suna jira, ba sai kun tambayi ko wace ce ba.