Takardar Sundus Ta Je Teku

Midhat ƙanin mijina ne. Ranar da aka kawo ni gidan nan na unguwar Shubra yana ɗan shekara goma sha huɗu, kuma farkon ganina da shi yana tsaye kan tiren basbusar biki, wannan kek ɗin mai zaƙi, yana ɗaga yanka ɗaya bayan ɗaya don ya gano wanda ya fi nauyi. Yau furfura ta ci rabin gashin bakinsa, yana aiki a ɗakin ajiya na wani kamfanin tayil, yana da mata da 'ya'ya uku, amma hannun nan bai daina auna yanka ba. Allah ya yafe mini, ba gulma na zauna yi ba. Duk abin da na rubuta a nan na faɗa masa ido da ido, sai dai na faɗa a makare.

Gidan na gado ne. Ni da 'yata Sundus muna ƙasa, shi da iyalinsa suna hawa na uku. Da mijina Hilmi ya rasu, Midhat ne ya yi mana zirga-zirgar fansho, daga wannan tagar ofis zuwa waccan, abin da ni ba zan iya ba. Wannan kam na yaba masa. Tun daga lokacin takardunmu suka koma cikin baƙar jakarsa: ta aure, ta mutuwa, da ta haihuwar Sundus. Ya ce mata ba su iya ajiya ba. Ni da har yau takardar sayen firjinmu tana cikin akwatina.

Shekara huɗu ke nan, wani abokin aikinsa ya dawo hutu daga Gardaƙa, garin bakin teku, da munduwar roba a hannu. Ka biya otal sau ɗaya, a ɗaura maka ita, shi ke nan: ci, sha, kwana, iyo, ba mai ƙara tambayarka ko ƙirshi. Midhat ya ji akwai wurin da ake ajiye tire a ce ɗebi son ranka, ai sai hankalinsa ya tashi.

Wata biyu cur yana zaɓen otal. Bayan la'asar zai sauko da wayarsa, ya zauna a kujerar Hilmi, ya sha shayina, ya yi mini karatu.

"Ummu Sundus, dubi wannan. Abinci sau uku, ga na tsakani sau biyu. Amma askirim daga ƙarfe huɗu zuwa biyar kawai. Awa ɗaya! Ɓarayi ne."

"Allah ya sauwaƙe, Abu Ziyad."

"Wannan kuma wai kifi kullum. Na buɗa hoton, na duba da kyau, karfasa ce. In yi tafiyar awa shida zuwa bakin teku in ci karfasa? Ni za a yi wa wayo?"

Ban taɓa jin ya tambayi yaya ruwan yake ba. Matarsa Afaf ce ta tambaya. Ta samo wani ƙaramin otal mai rairayi, inda yaro zai yi tafiya mai nisa ruwa bai wuce gwiwarsa ba, ga kuma awannin da ake ware wa mata wurin iyo. Ƙaraminsu Mazin yana da shekara huɗu a lokacin, Ziyad takwas, kuma duk gidan babu wanda ya iya iyo. Midhat ya kalli hoton ya taɓe baki.

"Ɗakin cin abincinsa ɗaya ne tak. Ke dai ba ki san darajar kuɗi ba."

Wanda ya kwanta masa a rai yana da ɗakunan cin abinci uku da mai gasa nama a fili. Bakin ruwansa duwatsu ne, wannan bai dame shi ba. Abin da ya dame shi layi ɗaya ne a ƙasan shafin. Yaron da bai kai sha biyu ba yana kwana a ɗakin iyayensa, a ɗaura masa koriyar munduwa. Wanda ya kai, babba ne, kuma ɗaki ɗaya ba ya ɗaukar manya uku da yara biyu, sai a kama na biyu. Babbar 'yarsa Tasnim tana da sha uku da wata huɗu.

Kwana uku bai sauko shan shayi ba. Na ɗauka ya haƙura.

Tagogin kicin ɗinmu duka suna buɗewa cikin ramin iskar da ke tsakiyar gidan, don haka ko cokali ya faɗi a sama ina ji. Ran nan da hantsi ina tsince shinkafa sai na ji muryarsa.

"Sunanki?"

"Sundus."

"Sundus wa?"

"Sundus Hilmi."

"Shekarunki?"

"Goma da rabi."

"Ɗaga murya, ke ba amarya ba ce. Ni wane ne?"

Sai wata 'yar murya ta ce, "Ammu." Haka 'ya'yan wa suke kiran ƙanin ubansu, haka Sundus take kiransa.

Na juya. Sundus ɗina tana zaune kusa da ni tana yankan lalo, wuƙa a hannu, baki buɗe.

Na wanke hannu, na yafa mayafi, na hau. Ban saba hawa ba a kira ni ba. Na same shi a falo, baƙar jakar a buɗe, takardar haihuwar 'yata a kan tebur kusa da kofin shayi. Tasnim na tsaye jikin bango kamar wadda aka kai gaban shugaban makaranta.

"Abu Ziyad, wannan sunan ɗan'uwanka ne da ke kabari."

"To, ni na ce ba shi ba ne? Takarda ce, Ummu Sundus, ba hoto a jiki. Za ta je ta sha iska ta dawo. Me zai ragu a jikinta?"

"Ƙarya ce."

"Wa aka cuta? Masu otal? Kin san abincin da suke zubarwa kullum? Ai ni taimakonsu zan yi."

"In takardar za ta je, ka tafi da mai ita mana. Ba ta taɓa ganin teku ba."

Ya yi dariya har da buga cinya. "In na tafi da Sundus, ita wannan ta zama wa?"

Ya faɗi wannan a gaban Tasnim. Na ga yarinyar ta sunkuyar da kai tana kallon yatsun ƙafarta. A nan ne ya kamata in miƙa hannu in ɗauki takardata in sauka. Tana nan a gabana, taku biyu. Amma na tuna watan gobe za a sabunta takardun fansho, na tuna layin nan da tagogin nan, sai na ce, "Allah ya shirye mu," na juya. Wannan laifin nawa ne, kuma na sha neman gafara a kansa.

Ranar tafiya na leƙa ta taga. Tasnim ta fara sa ɗankwali tun watan azumin da ya wuce, da kanta, ba wanda ya sa ta. Ran nan babu shi. An raba mata gashi biyu an ɗaure da jan ƙyalle, an sa mata riga mai hoton zomo wadda ta matse ta a kafaɗa. Yarinya doguwa, sai ranƙwafawa take yi. Midhat na gaba da hular rana da tabarau, yana gaida maƙwabta da ƙarfi don kowa ya tambaye shi ina zuwa.

Sauran labarin daga bakin Afaf na ji, a kicin ɗina, bayan sun dawo.

Mai karɓar baƙi bai ma tambayi komai ba. Ya duba takardu, ya ga sunan uba daban, ya ɗaga kai kawai. Da Midhat ya yi shiru da an wuce. Ina! Sai ya dafa kan yarinyar, ya sassauta murya.

"'Yar wana ce, Allah ya ji ƙansa. Marainiya. Ba na iya kawo nawa in bar ta a gida."

Mutumin ya miƙe tsaye ya sake ba shi hannu. "Allah ya saka maka, ya Hajji. Irinku sun yi ƙaranci." Ya sauya musu ɗaki zuwa mai kallon teku. Kafin magariba labari ya zaga ma'aikata. Mai gasa nama yana zaɓo masa tsoka, mai shayi yana kawo masa ba a kira ba, kowa Hajji, Hajji, mutumin da ko filin jirgi bai taɓa takawa ba. Ita kuma suna cusa mata alewa a hannu, suna shafa mata kai suna yi wa babanta addu'ar rahama, shi yana gefe da faranti biyu yana cewa amin.

Na ce, "Ke kuma fa, Afaf?"

"Me zan ce, Yaya? In na buɗe baki a kore mu gaban jama'a?"

A kwana na uku ne abin ya faru. Tasnim ta gaji da zama cikin 'yan shekara biyar masu koriyar munduwa ana koya musu tafi, ta shiga ruwa ita kaɗai. Ta bi kan duwatsun nan, ruwa iya ƙugu, ta ƙara taku ɗaya sai ƙasa ta ƙare. Afaf ta ga kai ya nutse, ya fito, ya sake nutsewa. Da ya fito na biyun yarinyar ta ƙwala ihu:

"Baba!"

Gaskiya ɗaya zan faɗa masa: ya ruga. Ya watsar da farantin kankana, ya faɗa ruwa da tabaransa, duwatsu suka yayyanke masa ƙafa, ya kamo ta a gashi ya jawo ta. Mai gadin bakin ruwa ya iso da usur a baki, mutane suka taru. Tana maƙale a wuyansa tana amayar da ruwan gishiri, tana ta maimaita Baba, Baba. Midhat ya ɗaga ido ya ga mai gadin, ya ga mai shayi a bayansa. Sai ya kai bakinsa kunnenta. Afaf tana kusa, ta ji da kunnenta.

"Ammu. Na ce miki Ammu."

Afaf ta ce yarinyar ta daina kuka nan take, kamar an rufe famfo. Ta sake wuyansa, ta miƙe da kanta, ta ce, "To, Ammu."

Ba ta ƙara shiga ruwa ba har suka taho.

Sun dawo ya yi baƙi ya ƙara ƙiba. Mako biyu bai yanke munduwar ba, yana naɗe hannun riga a masallaci tun kafin ya isa wurin alwala. Kowa ya tsaya sai ya ji labarin ɗakunan cin abinci uku. A teburin gidansa kuwa, da aka ce Tasnim ta miƙa masa burodi, sai ta ce, "Ga shi, Ammu." Ya yi dariya ya ce wasa ya ƙare, an dawo gida. Washegari ma Ammu. Ya yi faɗa, Ammu. Ya hana ta kuɗin motar makaranta na kwana biyu, ta tafi a ƙasa, ta dawo ta gaishe shi da ladabi, Ammu. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Tana wanke masa kofi, tana goge masa riga. Ta mayar da ɗankwalinta tun a motar dawowa.

Bayan wata guda ya sauko. Ya zauna a kujerar Hilmi, bai taɓa shayin ba.

"Ummu Sundus, ki yi wa yarinyar nan magana. Tana jin maganarki. Kullum tana nan wurinki."

"In ce mata me?"

"Ki ce mata haramun ne mutum ya ƙi ubansa."

"Haka ne. Uba ya ƙi 'yarsa fa, Abu Ziyad, saboda kuɗin ɗaki? Wannan mene ne hukuncinsa? Ni ban yi karatu mai zurfi ba."

"Kwana shida ne kawai!"

"Ita ma ai ba ta ce har abada ba. Jira za ka yi."

Ya miƙe zai tafi. Ni kuma na ji ƙarfin zuciyar da ban ji ba ranar da na hau sama, na ce, "Kawo mini takarduna. Duka. Yanzu, kafin shayin ya huce."

Ya ce fansho fa? Na ce zan koyi layin. Na kuwa koya, ba wani abu ba ne, tsayuwa ce da haƙuri, kuma waɗannan na daɗe da iya su.

Da ya kawo, Sundus ta zaro tata ta buɗe. Akwai tabon mai a gefe ɗaya, kuma daga cikin ninkin wani ɗan rairayi ya zubo kan tebur. Ta tattara shi da yatsa, ta kalle shi.

"Mama, kin ga, ni ma an kawo mini tsaraba."

Tasnim na zaune a wurin. Su biyun suka yi ta dariya har da hawaye, ni na shiga kicin.

Na yi wa Tasnim magana, ba don shi ba, don ita. Na ce mata haƙƙin uba ba ya faɗuwa ko da uban ya faɗi. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Tanti, ina yi masa komai. Kalmar ce kawai in na zo faɗa sai in ji gishiri a maƙogwarona." Ban ƙara matsa mata ba. Ina sa su a addu'a su biyun.

Yanzu tana da sha bakwai, tana shirin jarrabawar ƙarshe, a teburina take karatu. Midhat bai sake zaɓen otal ba, ya ce duk ɓarayi ne. Watan jiya wasu sababbin 'yan haya suka tare a hawa na biyu. Na haɗu da matar a matakala, Tasnim na saukowa da littattafai, Midhat na hawowa da kankana a hannu. Yarinyar ta matsa masa hanya ta ce, "Sannu da dawowa, Ammu."

Matar ta dube ni ta ce, "Masha Allah, babbar 'yarki ce? Kamarku ɗaya."

Na ce, "A'a, ba tawa ba ce. Tambayi Abu Ziyad, shi ya san ko 'yar wa ce."

Ya tsaya da kankanarsa a tsakiyar matakala, matar tana jiran amsa. Tasnim ba ta jira ba, ta wuce ɗakina ta rufe ƙofa.