Tsagar Da Na Rufe Da Ƙaro A Wuyan Jita

A farkon shekarun 1980 ni saurayi ne mai gyaran keke da babur a wani ƙauye tsakanin Funtua da Malumfashi, ga rawar kai, ga jin cewa babu ƙarfen da ya fi ƙarfina. Ni nake kaɗa bes a cocinmu, wato babbar jitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri. Zumuntar mata ce ta saya mana ita bayan kakar auduga, aka kuma damƙa mini ajiyarta. Wanda ya koya mini kaɗawa wani malamin firamare ne, aminina, mutum mai haƙuri.

Wata rana tsirkiya ɗaya ta tsinke, kuma sai a Zariya ake samunta. Maimakon in faɗa wa dattawa, sai na zare wayar birkin babur na ɗaura. Ta ƙi ba da sautin da nake so, na sa filaya na yi ta murɗa makunnin da ke ɗaure tsirkiyar. Na jingine jitar a shagona mai rufin kwano, ga zafin bazara, ban sassauta ko tsirkiya ɗaya ba. Bayan kwana huɗu na ga tsaga siririya a bayan wuyanta, daidai inda kai ya haɗu da wuya. Na tuna matan da suka sha rana a gonar auduga, har da mahaifiyata, na ji ba zan iya haɗa ido da su ba. Na jiƙa ƙaro na cusa a tsagar, na shafe da baƙin man takalmi.

Daga ranar ban sake samun kwanciyar hankali ba. Duk Lahadi ina kaɗawa a hankali, ina jin katakon yana ɗan motsi ƙarƙashin babban yatsana. Ana nan aka gayyaci mawaƙanmu ɗaurin aure a Malumfashi, aka ce malam ne zai riƙe bes. Na miƙa masa ita da hannuna. Ya tambaye ni ko lafiyarta lau, na ce masa lau.

Ina tsaye kusa da shi ya sunkuya yana daidaita sauti. Na ga yatsunsa kan makunnin wayar nan, bakina ya buɗe, amma tsoro ya hana maganar fita. Sai ƙara kamar an karya rake. Kan jitar ya ɓalle, wayar ta zabure ta tsarge shi a idon hagu. Jini ya wanke masa farar riga. A hanyar asibiti ina riƙe da kansa, shi kuwa yana ta ba mutane haƙuri wai shi ya cika murɗawa.

Bayan mako guda fasto ya sa na raka shi Funtua da jitar, wurin wani tsohon kafinta, Alhaji ne da ake yabon aikinsa. Ya duba karayar, ya kankare da farce, ya sansana. Ya ce wannan tsaga ta daɗe, zafi da ƙarfin waya ne suka jawo ta. Ya ce da an sassauta tsirkiyoyin tun ranar farko an kawo masa, da gam kawai zai ɗura, ya ɗaure da robar tayar keke kwana uku, shi ke nan. Yanzu kuwa maiƙo ya shiga katakon, sai ya fere wurin ya dasa sabon itace. Ya kalle ni ya ce, yaro, wa ya sa mata ƙaro? A nan na fashe da kuka, na faɗi komai.

Jita ta gyaru, har ta yi shekaru ana kaɗa ta. Idon malam bai gyaru ba. Da na durƙusa gabansa, cewa ya yi ya yafe, abin da ya yi masa ciwo kawai shi ne ya tambaye ni lafiyar jitar da bakinsa, na ce masa lau.

Masu karatu, in kun ga tsaga a wuyan jita, ku sassauta tsirkiya nan take ku nemi masani, kada ku ajiye ta cikin zafi. In kuma kun ɓata kayan amana, ku faɗa tun ɓarnar tana ƙarama. Ni faɗan dattawa na kwana ɗaya na guje wa. Yau mun tsufa, ni da malam, muna zumunci, amma duk sanda zan gaishe shi sai na zagaya ta damansa kafin ya san na zo.