Mma Tahiratu da Matan Bayan Otel

Duk wanda ya saba fita da sassafe a unguwar University Heights ta Bronx ya san Mma Tahiratu. Shekara ashirin da huɗu tana saukowa daga hawa na biyar ƙarfe shida saura kwata, mayafi ɗaure tam, kwanon wake da shinkafa a cikin jaka, ko ana zafi ko ƙanƙara na zuba. Takan bi Jerome Avenue, ta hau matakalar tasha tana dafa ƙarfe, ta shiga jirgin ƙasa mai lamba huɗu zuwa Manhattan. A can akwai wani ƙaramin otel mai rahusa, masaukin ɗalibai da masu zuwa kallon gari. Nan take canza zanen gado, ta wanke banɗaki, ta kwashe abin da mutane ba sa so a san sun bari. Ɗaki goma sha biyar kowace rana. Watan jiya ta ajiye aiki, don gwiwoyi sun ce ya isa haka. Otel ya yanka mata kek, ya ba ta kati. Mu da muka san ta mun ga bai kamata maganar ta tsaya nan ba.

'Yar Zongon Kumasi ce. Kafin ta zo New York ta yi shekara bakwai a Italiya tana wannan aikin dai, a otel-otel na bakin teku, inda ta koyi yarensu a bakin masu ba ta umarni. Ba ta da jiki, ba ta da ƙarfin murya, amma idan ta tsaya a wuri ba a taɓa ganin wanda ya matsar da ita ba.

Adwoa, wadda ta yi aiki tare da ita, ta ba mu labarin shekarar Mma Tahiratu ta farko a otel ɗin Manhattan. Wani baƙo ya rufe ƙofa a kanta tana cikin gyaran ɗakinsa, da ƙyar ta kuɓuta. Sufabaiza ya ce ta yi shiru, baƙo gobe zai tafi. Mma Tahiratu ba ta yi gardama da shi ba. Ta tura keken tawul ɗinta har tsakiyar falon karɓar baƙi, inda ba a yarda a ga mai goge-goge, ta ja kujera ta zauna. Kafin azahar mata takwas sun zauna a gefenta. Daga ranar babu macen da ta sake shiga ɗaki ita kaɗai in baƙo yana ciki.

Amma labarin da ya sa muka ɗauki alƙalami ba a nan ya faru ba. A damina ta shekarar 2011, 'yarta Suweiba ta sami aikin nas, ta ce abin da za ta fara yi shi ne ta kai uwarta hutu. Mma Tahiratu ba ta taɓa kwana a otel a matsayin baƙuwa ba. Da aka tambaye ta inda take so, ba ta yi tunani ba ta ce bakin tekun Italiya. Shekara bakwai tana hango ruwan ta tagar ɗakunan da take gyarawa, tana so sau ɗaya wani ya gyara mata gado. Otel mai tsada kuwa ta ƙi. Ta ce ta san abin da ke ƙarƙashin gadajensu duka, iri ɗaya ne.

Suka sauka a wani ɗan gari a kudancin ƙasar, a otel mai hawa uku, layi biyu daga bakin ruwa. Fanka ce a ɗaki, mai ƙara kamar injin niƙa. Banɗakin in ka juya sai gwiwar hannunka ta bugi bango. Mma Tahiratu ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado, ta ja yatsa a kan tagar, ta kwance shimfiɗar ta sake ɗaure kusurwoyin da kanta.

"Mommy, please. Hutu muka zo," in ji Suweiba.

"Shi ya sa ban nemi tsintsiya ba."

Da safe suka sauko ɗakin cin abinci. Ma'aikacin da ke bakin ƙofa ya miƙa hannu ya tare su, ya nuna wata 'yar hanya da ke bi ta gefen kicin.

"Naku a baya yake, sai ƙarfe goma."

Mma Tahiratu ta ɗaga makullin ɗakinta har saitin idonsa, ta ce da yarensa tsaf, ɗaki mai lamba bakwai, kwana takwas. Mutumin ya ja da baya yana ba da haƙuri, ya ja mata kujera. Ba ta zauna ba.

"Su waye a baya?"

Ya ce wasu ne gwamnati ta kawo. Ta ɗauki faranti, ta sa burodi da jam, ta bi hanyar da ya nuna.

A bayan kicin, kusa da kwandunan shara, mata kusan ashirin ne zaune a kan benci suna jiran baƙi su gama. A lokacin nan yaƙi ya ɓarke a Libiya, baƙin da ke aiki a can suna gudowa ta teku, gwamnati tana raba su a ƙananan otel. Mai otel ya karɓe su, ya ba su hawa na uku, ya kafa musu doka: ta matakalar baya za su bi, ba za su zauna a falo ba, ba za su fita ta ƙofar gaba ba sai masu hutu sun watse.

Mma Tahiratu ta yi sallama, ta ce ina kwananku. Kai ɗaya ya ɗago da sauri. Wata ramammiyar mace ce da ba ta wuce shekara ashirin da biyar ba, zaune can ƙarshen benci ita kaɗai.

Hausar Zongo ba ta raba mace da namiji, don haka Mma Tahiratu ta matsa kusa ta ce, "Kai ɗan ina ne?"

Matar ta zuba mata ido, sai dariya ta kuɓuce mata, dariyar kuma ta koma kuka.

"Inna, ni mace ce. Ɗiyar Tawa ce ni, ta Nijar. Sunana Firdaoussi."

Sati biyar ke nan ba ta sami wanda ke jin yarenta ba. Sauran matan daga wasu ƙasashe suke, ita kuma ban da Hausa sai ɗan Larabcin kasuwa. Ita da mijinta Amadou suna zaune a Libiya, yana aikin gidan burodi. Jirgin ruwa ɗaya suka shiga, kwana uku a kai. Da aka tsamo su aka ware maza gefe, mata gefe, aka sa su a motoci daban. Tun ranar ba ta san inda yake ba. Duk wanda ya zo da takarda takan kama hannunsa ta faɗi sunan mijin, su gyaɗa kai su wuce.

Mma Tahiratu ta tura mata farantin. "Ci. In ka gama ka kawo mini takardan da suka ba ka."

Takardar ta nuna inda aka ɓata. An rubuta Najeriya a maimakon Nijar, an yanke rabin sunanta, an kuma sa cewa ba ta da aure. Ko da Amadou yana nemanta, wata mata yake nema wadda babu ita a kowane littafi.

Washegari suka shiga bas zuwa ofishin da ke kula da 'yan gudun hijira a babban garin yankin. Aka ce su dawo wata mai zuwa. Mma Tahiratu ta zauna a gaban tagar ta ce ita kwana shida suka rage mata, don haka a nan za ta yi su. Suka koma a rana ta biyu. A ta uku wata ma'aikaciya ta gaji da ganin fuskarta, ta karɓi takardar ta gyara. Amma ta duba ta ce babu wani Amadou ɗan Nijar a yankinsu, na sauran yankuna kuma ba ta da ikon gani.

Nan Mma Tahiratu ta karɓi wayar Suweiba ta kira Bronx. Nasser ɗan Nijar ne mai shago a Burnside Avenue, yana sayar da katin waya da turare, kuma babu ɗan ƙasarsu da zai sauka unguwar bai biya ta wurinsa ba.

"Nasser, Mma Tahiratu ne daga Italiya. Ina neman mutumin Tawa, Amadou mai burodi, ya fito Libiya kusan sati shida da suka wuce."

"Mma, Amadou nawa ne a Tawa? Kuma ni ina New York."

"Na san inda kake. Gobe Juma'a. Ka tashi a masallaci ka faɗa. Kowa a cikinku yana da ɗan'uwa a wani sansani a ƙasan nan."

Duk kwanakin nan ba ta ci abinci a ɗakin baƙi ko sau ɗaya ba. Takan ɗauki farantinta da kujerarta ta ratsa falo a gaban kowa ta nufi baya, Suweiba na biye da ita da kunya kamar ta nutse. Mai otel ya tare ta ya ce baƙi suna ƙorafi. Ta ce ita ma baƙuwa ce, kuma tana da nata ƙorafin in yana da lokaci.

Ranar Asabar da rana ta canza salo. Ta ba Firdaoussi ɗaya daga cikin mayafanta, ta riƙe hannunta, suka zagaya ta titi suka shigo ta ƙofar gaba, ta zaunar da ita a tebur mai lamba bakwai. Cokula suka tsaya. Wani iyali suka tattara 'ya'yansu suka fita. Sauran suka sunkuyar da kai suka ci gaba da cin taliyarsu. Mai otel ya iso fuskarsa ja.

"Wannan ba ta da izinin zama nan."

"Teburina ne. Wadda na gayyata ce."

"Zan kira 'yan sanda."

"Kira su. Da ma ina da tambaya da zan yi musu a kan mijinta, da kuma abincin da kake ba matan nan kusa da shara."

Bai kira kowa ba. Firdaoussi kuwa ta cinye abin da ke gabanta.

Ranar Lahadi bayan la'asar wayar Suweiba ta yi ƙara a falo. Wani mai sayar da huluna a Bronx yana da ƙane a wani sansani can arewacin Italiya kusa da duwatsu, kuma a ɗakinsu akwai mutumin Tawa da ya daina magana da kowa, don an ce masa babu sunan matarsa a cikin waɗanda aka tsamo. Ƙanen ne ya kira, Amadou yana gefensa. Mma Tahiratu ta saurara, ta miƙa wa Firdaoussi wayar, ta ja Suweiba suka fita waje suka bar mata falon.

Sai ranar da za su tafi ta tuna da teku. Ta ce Firdaoussi ta raka ta, ita kuwa ta ce, "Inna, ki gafarce ni, ba ni son ganin ruwan nan." Mma Tahiratu ta tafi ita kaɗai, ta tsoma ƙafa, ta ce da sanyi, ta dawo ta haɗa kaya.

Sai bayan wata huɗu aka haɗa Firdaoussi da mijinta wuri ɗaya. Suna nan a Italiya har yau, ya koma gidan burodi, suna kiran Mma Tahiratu kowace Sallah. Mai otel kuwa bai tuba ba. Motar da ta ɗauki Mma Tahiratu ba ta yi nisa ba ya mayar da dokarsa. Da aka gaya mata ta ce ba don ta gyara shi ta yi ba, ta yi ne don kada ya ɗauka kowa ya yarda.

Mma, ke ce kika sami hutun kwana takwas a cikin shekara talatin, kika kashe shi a layin ofis saboda matar da ba ki taɓa gani ba. Ke ce aka ja wa kujera a gaba kika tambayi su waye a baya. Ba ki da digiri, ba ki da lauya, ba ki da wani babba da ya tsaya miki, kuma ba ki taɓa jiran ɗaya daga cikinsu ba kafin ki buɗe baki. Mun gode. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi, ya sa abin da kika yi ya tarar da ke a inda ya fi amfani.

Sauran magana tamu ce. Da yawanmu a garin nan mun sami takarda, mun sami aiki, mun koyi wucewa ta gaban ɗan'uwa da ido a ƙasa, muna cewa ba mu son matsala. Ita ma tana da abin da za ta rasa a duk ranar da ta tsaya. Yanzu da ta bar aiki, kowace Talata tana zama a ƙasan masallacin unguwa tana jiran sababbin zuwa da ba su jin Turanci, ta raka wannan asibiti, ta raka wancan makarantar 'ya'yansa. Ta ce tana bukatar mutum uku masu Hausa da Turanci da za su ɗauki rana ɗaya a sati. Zuwa yanzu mutum ɗaya ya zo.

Da ta ji za a rubuta wannan, abin da ta ce ke nan: "Ku rubuta abin da kuke so. Amma ku sa cewa ƙarfe goma nake farawa, kuma wanda ya zo yaba ni kawai, zan haɗa shi da wani ya kai asibiti."